Kada Ka Yi Gumi a Kwalkwalin Merle

Wannan labarin marigayi mijina Orval ne ya iya ba da shi. Yana yi yana dukan tebur har kofi ya zube. Tun da ya rasu ba wanda ya ƙara ɗauko shi, to bari in ba ku yadda na riƙe.

Wani mutum ne a nan jihar Ohio ta Amurka, mai ƙaton kai. Ba zagi ba ne, haka Allah ya yi shi. Duk hular da ya saya sai matarsa ta farke bayanta ta ƙara ƙyalle. Sana'arsa kai wa mutane itacen hura wuta a a-kori-kura. Motar kuwa ta matarsa ce, Darlene, gadon ubanta. Da ita suke ci, da ita suke sha.

Wata Asabar, ana tsananin zafi, ya ce wa Darlene zai je sayen bel na injin yankan ciyawa. A hanya ya ga motoci sun cika filin baje kolin gunduma. Ashe ranar ce masu tara tsofaffin kayan soja suke baje hajarsu. Ya ce bari ya leƙa ya fito.

Yana shiga zauren ya yi ta zagaye, hannu a aljihu. Ga takubba, ga lambobin yabo, ga takalman da suka fi shekara ɗari ba su taka ƙasa ba. Can ya ja birki gaban teburin wani siririn dattijo, Merle Kuhlman. Merle na sanye da farar safar hannu. A gabansa, a kan wani ɗan gungumen katako, ga kwalkwali na baƙar fata yana sheƙi. Gaggafar tagulla ta buɗe fukafukai a goshinsa, a tsakar ka kuma ga tsini kamar an dasa kan mashi.

Mutumin ya ce, "Baba, wannan na 'yan kwana-kwana ne?"

Merle ya dube shi ta saman tabarau. Ya ce, "Na hafsan sojan Jamus ne. Zamanin sarkinsu Kaisa. Ya girmi kakanka."

"To tsinken nan fa? In harsashi ya ƙare sai a koma tunkuyi?"

"Ɗauke hannunka."

"Ai ban taɓa ba."

"Numfashinka yana taɓawa. Ja baya."

Mutumin ya ja baya taki ɗaya. Merle kuwa irin mutanen nan ne da in suka sami kunne ba sa saki. Ya shiga yi masa karatu. Ba a ɗaga kwalkwali ta tsini. Ba a ajiye shi a kan bakinsa, sai ya lanƙwashe. Ba ya son rana, ba ya son ruwa, ba ya son mai. Abin da ya fi ƙi a duniya kuwa shi ne gumin ɗan Adam.

Mutumin ya ce, "Kai! Wannan ai ya fi surukata ƙa'ida."

Ana cikin haka fitsari ya matsi Merle. Ya waiga dama, maƙwabcinsa na ciniki. Ya waiga hagu, ba kowa. Ya dubi mutumin nan sama da ƙasa, ya ga alamar ba shi da wayon da zai yi sata.

Ya ce, "Tsaya nan. Kada ka bar kowa ya taɓa shi."

"An gama, Baba."

Merle na juya baya, gogan naka ya ce a ransa: ni dai ba kowa ba ne, ni mai gadi ne. Ya ɗauki kwalkwali ya ɗora a ka. Kwalkwalin ya tsaya can a ƙololuwa kamar ƙwai a kan kabewa. Ya leƙa gilashin akwatin lambobi, ya ga abin bai zauna ba. Ya sa tafin hannu biyu ya danna. Shiru. Ya cije baki ya ƙara dannawa da ƙarfin mai faskare.

Sai ji kake ƙwas! Kwalkwali ya wuce ƙeya ya sauka a kan kunnuwa.

Ya sake duba gilashi. Kai, abin ya yi kyau. Ya turo ƙirji, ya sara wa kansa, ya murza gashin bakin da ba shi da shi. Har maɗaurin haɓa ya jawo ya ɗaure. Da ya hango Merle yana fitowa daga bayi sai ya kai hannu zai cire.

Kwalkwali ya ce bai san zancen ba.

Ya ja, girarsa ta bi. Ya ƙara ja, kunnuwansa suka miƙe. Ya kama tsinin da hannu biyu yana jijjigawa. A haka Merle ya iso.

Merle bai yi ihu ba. Muryarsa ma ɗaukewa ta yi. Ya ɗaga hannuwa sama kamar wanda aka nuna wa bindiga, ya ce da raɗa, "Saki tsinin."

Mutumin ya saki.

"Kada ka motsa."

"To."

"Kada ka yi magana, haɓarka tana jan maɗaurin. Kuma don girman Allah, kada ka yi gumi."

To wanda aka ce wa kada ya yi gumi, me kuke zaton zai fara? Nan take ya ji wani ɗigo ya taso daga ƙeya. Merle ya gani. Ya ƙwala kira, "Vernon! Kawo fanka!"

Vernon shi ne shugaban ƙungiyarsu, wani mai tumbi da fitilar hannu rataye a wuya. Kafin ka ce me, duk zauren ya watse ya taru a teburin Merle. Aka kawo fanka biyu. Wani yana yi masa fifita da kwali. Cikin duk taron nan ba wanda ya tambayi mutumin ko kansa na ciwo.

Merle ya miƙa hannu. "Makullin motarka."

"Na me, Baba?"

"Na ce kada ka yi magana! Akwai wanda ya taso tun daga Texas don kwalkwalin nan, yau da yamma zai iso. In ya fita daga kanka lafiya, ka ɗauki makullinka. In ko ɗinki ɗaya ya tsinke, motar nan ta zama tawa, kuma ko rabin kuɗinsa ba ta kai ba."

Mutumin ya tuna Darlene. Ya tuna hoton ubanta da ke manne a gaban motar. Gumi ya ƙaru. Ya miƙa makulli.

Wata mata mai sayar da burodi da soseji a bakin ƙofa ta kutso ta ce, "Haba, ku shafa masa man shanu mana. Jikana ya taɓa maƙale kai a tukunya, da shi muka zare."

Vernon ya juyo a hankali. Ya ce, "Baiwar Allah, man shanu? A fatar da ta ga Kaisa da idonta?"

"To sabulu."

Wani tsoho a baya ya dafe ƙirji, aka ba shi kujera.

Vernon ya kunna fitilarsa ya zagaya mutumin. Ya haska ɗinkin baya. Ya haska gindin tsini. Ya kai hanci ya shinshina, don su da hanci suke gane tsohuwar fata. Ya ɗago a firgice.

"Merle, akwai ƙamshin kwakwa."

Merle ya dubi mutumin. "Me ka shafa a kai?"

Mutumin ya buɗe baki kaɗan, ya ce ta tsakanin haƙora, "Man gashi."

"Man gashi! Gashin nawa gare ka da za ka shafa masa mai?"

Wani dogo daga cikin masu kallo ya ce, "Ni fa tun da safe nake shakkar kwalkwalin nan. Ba a yanke hukunci sai an ga hatimin rundunar da ke ciki."

Merle ya harzuƙa. "Hatimi na nan a ciki, ƙarara!"

"To nuna mana."

"Ta ina? Ba ka ga an toshe ba?"

Dogon ya sunkuya, ya ɗaga kunnen mutumin da ɗan yatsa, ya leƙa. Ya ce, "Ba na ganin komai. Duhu ne kawai."

Aka zauna shawara. Vernon ya ce sanyi yana sa abu ya tsuke, a kai shi ɗakin sanyin da ake ajiye lemo. Merle ya ce sam, sanyi zai busar da fata ta tsage. Aka yi ta musu, har wani ya ɗauko littafi. Daga ƙarshe aka yi sulhu: jiki a sanyi, kai a waje.

Akwai wani dogon firji mai murfi a sama, na mai sosejin nan. Aka kwashe kayan ciki. Mutum huɗu suka ɗaga gogan, Merle na tallafe da kwalkwali kamar mai riƙe da jariri, aka zaunar da shi a ciki. Aka jera masa buhunan ƙanƙara har wuya. Kai da tsini kawai ke waje.

Jama'a suka yi layi suna ɗaukar hoto. Wani da ya shigo daga baya ya tsaya ya ƙare masa kallo, ya ce, "Kwalkwalin dai ya yi. Amma wa ya sassaƙa maka wannan mummunan mazaunin?"

Mutumin ya ƙifta ido. Baƙon ya yi tsalle ya ture teburin takubba.

Can haƙoran gogan suka fara kaɗawa. Merle ya ce, "Daina. Kana girgiza gaggafa."

"Ba-ba ni ba ne, Baba."

"To wa ye? Ni?"

Sai hancinsa ya fara motsi. Ya ja numfashi sau ɗaya. Ya ja na biyu. Vernon ya yi ihu, "Atishawa zai yi!" Mutum uku suka yi kansa. Ɗaya ya toshe hanci, ɗaya ya riƙe haɓa, ɗaya ya rungume tsini. Atishawar ta rasa ƙofa, ta fita ta inda ta samu. Ƙanƙara ta yi ɓul-ɓul.

Aka jarraba cirewa. Kan nan bai ragu da ko ƙwayar gero ba. Kunnuwan ma kumbura suka yi.

Mai sosejin ta ga leɓen mutum ya koma shuɗi, ta kira motar asibiti. Wani ƙaƙƙarfan ma'aikacin agaji ya shigo da jaka. Ya dubi firji, ya dubi kai, ya dubi taron tsofaffi. Ya zaro wani ƙaton almakashi.

Ya ce, "Ku ba ni wuri. Yanzu zan raba shi biyu."

Merle ya ce, "Wanne?"

"Hular mana."

Tsofaffin nan, masu sanda da masu ciwon gwiwa, suka jeru a gaban firji kafaɗa da kafaɗa. Orval ya ce tun da yake bai taɓa ganin sun yarda da juna a kan abu ɗaya ba sai ranar.

Ma'aikacin ya ce, "Dattawa, jini ba ya zagayawa a kan mutumin nan."

Vernon ya ce, "Yaro, irin wannan kwalkwalin ba su fi a ƙirga da yatsu ba a ƙasar nan. Irin wannan kan kuwa, leƙa waje ka gani."

Wani ya ce, "Ba za a iya rage kunnen ba? Ɗan kaɗan. Ai kunne yana warkewa."

Ma'aikacin ya juya ga mai kai. "Maigida, kanka ne. In yanka?"

Mutumin ya dubi almakashi, ransa ya biya. Ya dubi Merle, Merle ya ɗaga makullin mota ya kaɗa shi a hankali.

Ya ce, "Ba-bar shi. Ina jin daɗinsa."

Ma'aikacin ya ce to aƙalla a kai shi asibiti likita ya gani. Aka ciro shi daga firji yana ɗigar ruwa, an naɗe masa tawul a wuya don kada laima ta hau sama. Aka zo shiga motar asibiti. A zaune, tsini na dukan rufi. A kwance, bayan kwalkwali zai danne. Merle ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba a kwantar da shi. Wani ya ce a kwance tsinin mana. Vernon ya ce rabon da a taɓa kusoshin nan tun Jamus, ba kuma a hannunsa za a fara ba.

Sai aka ɗora shi a bayan a-kori-kurarsa, a tsaye, ya riƙe ƙarfe. Merle ya hau kusa da shi. Vernon ya karɓi tuƙi, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Suka ratsa tsakiyar gari. Yara suka biyo su da kekuna. Wani tsohon soja a bakin shagon aski ya miƙe ya cire hula, ya zaci fareti ne.

Ba su kai rabin hanya ba hadari ya haɗo. Ɗigon farko ya sauka a kan gaggafa. Merle ya yi salati irin nasu, ya buɗe lema. Tsini ya huda ta. Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe kwalkwali, tsini ya leƙo ta hannun riga.

Sai walƙiya ta haska, aradu ta biyo baya.

Merle ya dubi sama. Ya dubi tsinin tagulla da ya fi komai tsawo a titin. Ya ja da baya har ƙarshen mota. Ya sake dubar kwalkwalinsa, ya dawo. Aradu ta ƙara fashewa, ya koma.

Mutumin ya ce, "Baba, lafiya kake kai da kawo?"

"Durƙusa!"

"Ai ka ce kada in motsa."

"Durƙusa, amma kada ka sunkuyar da kai!"

Merle ya yi ta dukan rufin mota yana ihu, "Vernon, juya! Tsawa za ta narkar min da gaggafa!"

Haka suka koma zauren baje koli. Gogan na tsugune kamar kaza a kan ƙwai, jiki sharkaf, kai a bushe.

Suna shiga suka tarar da mutum biyu na jiran su. Na farko baƙon Texas ne, wani dogo mai faffaɗar hula da takalmin fatar kada. Ta biyu Darlene ce. Maƙwabciyarta ta nuna mata hoton mijinta a waya, yana cikin firji. Tana tsaye da jaka a hammata.

Mutumin ya ce, "Darlene, bel ɗin ne ban samu ba."

Ta ce, "Na gani."

Baƙon Texas ya sa farar safarsa. Ya zagaya gogan sau biyu. Ya haska, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa gefen fatar da farce. Ya yi murmushi.

Ya ce, "Merle, abin ya kai yadda ka faɗa. Ina so. Sa min a akwati, jirgina ba ya jira."

Merle ya sosa ƙeya. "Akwai 'yar matsala, ranka ya daɗe. Ba ya fita."

"Kun ja?"

"Mun ja."

"Kun sanyaya?"

"Har ya yi shuɗi."

Ma'aikacin agaji, wanda ya biyo su a baya da motarsa, ya matso wurin Darlene. Ya ce, "Uwargida, gara da kika zo. Mijinki ya ƙi a yanka, ni kuma ba na tafiya in bar shi haka. Ki sa baki."

Merle ya yi wuf ya ce, "In aka yanka, mota ta zama tawa. Da bakinsa ya yarda, ga shaidu."

Darlene ta ce, "Wace motar?"

Merle ya ɗaga makulli. Ta dubi makullin, ta dubi mijinta. Gogan ya so ya sunkuyar da kai, mutum biyar suka ce, "Kada ka sunkuya!"

Ta ce, "In ba a yanka ba fa?"

Merle ya ce, "In kwalkwali ya isa hannun mai saye lafiya, ba ruwana da motarki."

Ta miƙa tafin hannu. Merle ya dubi baƙon Texas. Baƙon ya gyara hula, ya ce, "Ku dakata tukuna. Ni kwalkwali na zo saye, ba da wannan ƙarin ba. Kuma ni ina da ƙa'ida, uwargida. Ɗakin ajiyata ba ya karɓar abin da ya sha aiki. Sai wanda yake garau, kamar yadda ya fito daga hannun mai yi."

Darlene ta zare makullin daga hannun Merle, ta jefa a jaka, ta ja zif.

Ta ce, "To haɗa da kan ka tafi, maigida. Tun da na aure shi ban ga ranar da aka yi amfani da shi ba."